Chablis, Meursault ko Mâcon: Wace Farar Giyar Inabi Ce Ta Dace da Sitonka?

Wani ƙanena da ke aiki a ɗakin cin abinci na wani otal ya kira ni kwanan baya, hankalinsa a tashe. Manajansu ya ɗora masa alhakin zaɓen farar giyar inabin Faransa da za a sa a jerin abin sha na baƙi, kuma takardar dillali ta zo da sunaye uku: Chablis, Meursault da Mâcon. Duka ukun daga yankin Bargandi suke, duka da inabi iri ɗaya ake yin su, wanda ake kira chardonnay, amma kuɗin kwalba ɗaya ta Meursault zai sayi biyar na Mâcon har a ba ka canji. Ya ce, "Yaya, in dai inabin ɗaya ne, me ake saya da wannan ƙarin kuɗi?"

Na yi kakar tsinkar inabi a kudancin Bargandi, na kuma yi aikin kai abinci a tebur a birnin Lyon, don haka na san inda tambayar take ciwo. Amma kafin komai, a san cewa wannan giya ce mai sa maye, barasar da ke cikinta tana kai wa kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, kuma hukuncinta ga Musulmi ba ɓoyayye ba ne. Ba kiran kowa nake yi ya sha ba. Da ma'aikacin otal nake magana, da ɗalibin da ke koyon aikin karɓar baƙi, da wanda addininsa bai hana shi ba kuma yana son ya san abin da kuɗinsa ke saya.

Abin da ya kamata a auna

Chardonnay inabi ne mai biyayya. Ba shi da wani ƙamshi mai ƙarfi na kansa, sai ya ɗauki halin ƙasar da aka shuka shi da hannun wanda ya sarrafa shi, kamar farar shadda da ke karɓar kowane rini. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a jami'ar Kalifoniya ta Davis a 1999 ya nuna cewa ɗan pinot ne da wani tsohon inabi da ake kira gouais blanc, wanda manoman zamanin da suka raina. Shi ya sa a Bargandi ba kasafai ake rubuta sunan inabin a jikin kwalba ba, sunan gari ko na gona ake rubutawa. Tun 2015 ma hukumar UNESCO ta sa gonakin da ke tsakanin birnin Dijon da kudancin garin Beaune cikin kayan tarihi na duniya, saboda yadda aka yanka su ƙanana-ƙanana, kowace da sunanta da halinta.

Abu biyar na ce wa ƙanena ya duba. Na farko ɗanɗano, da irin abincin da ke fitowa daga kicin ɗinsu. Na biyu farashi, ba na kwalba kaɗai ba, har da na kofi, domin kwalba mai santilita 75 kofi shida take bayarwa. Na uku shekarun da giyar za ta iya yi a ajiye ba ta lalace ba. Na huɗu sauƙin ba da ita ga baƙo: sanyin da take so, da ko ma'aikaci sabon shiga zai iya bayaninta. Na biyar haɗari, wato hanyoyin da kuɗinka zai iya salwanta. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi cin aljihu.

Chablis

Chablis tana can arewacin Bargandi, kusa da garin Auxerre, ta fi kusa da kudancin yankin Champagne fiye da Beaune. Wuri ne mai sanyi, inabi yana nuna a hankali, tsaminsa ba ya gudu. Ƙasar wurin yumɓu ne gauraye da farin dutse mai alli, wanda ya kwanta a ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce. Na taɓa durƙusawa a wata gona a can na ɗauki dunƙulen ƙasa na murje shi a tafin hannu, sai ga ƙananan ɓawon kawa sun fito, lanƙwasassu, ba su wuce farcen ɗan yatsa ba. Mutanen wurin suna danganta ɗanɗanon giyarsu da wannan kawa. Abin da harshe ke ji dai shi ne tsami mai kaifi irin na lemun tsami da ɗanyen tuffa, da wani ɗan gishiri-gishiri, da ƙamshi irin na dutsen da ruwan sama ya jiƙa.

Yawancin masu yin Chablis a tankin ƙarfe mara tsatsa suke tsima ta, domin kada itace ya rufe wannan kaifin. Waɗanda ke amfani da ganga kuwa sukan zaɓi tsohuwa wadda ƙamshinta ya riga ya fita. Matakan daraja huɗu ne, daga ƙasa zuwa sama: Petit Chablis a kan tudu, Chablis zalla mai sunan garin kaɗai, sai premier cru, wato zaɓaɓɓun gonaki, sai grand cru, gonakin da suka fi kowanne daraja. Grand cru gangare ɗaya ne tak da ke kallon garin daga hayin kogin Serein, an raba shi gida bakwai: Blanchot, Bougros, Les Clos, Grenouilles, Preuses, Valmur da Vaudésir.

A kantunan Faransa, Chablis zalla tana yawo tsakanin Yuro 18 zuwa 30, premier cru ta haura haka, grand cru kuma takan fara daga wajen Yuro 60. Petit Chablis a sha ta cikin shekara biyu ko uku. Chablis zalla tana kai biyar lafiya, premier cru goma, grand cru fiye da haka. Sanyin da take so digiri 10 zuwa 12 ne, kuma ba ta da wahalar sayarwa, domin sunan ya zaga duniya, baƙon da bai san komai game da Bargandi ba ma ya taɓa jin sa.

Haɗarinta daga sama yake saukowa. A watan Afrilu, lokacin da kurangar ta fara toho, sanyin dare kan daskarar da tohon ya kashe shi. Manoma sukan kwana a gona suna kunna manyan kyandira a gwangwani tsakanin kunya da kunya, wasu kuma su fesa ruwa domin ƙanƙara ta lulluɓe tohon ta kare shi. A Afrilun 2021 sanyin ya fi ƙarfin duk wannan dabara, amfanin shekarar ya ragu ƙwarai, farashi ya tashi. Ma'ana, wanda ya ɗora jerin abin shansa a kan Chablis ya shirya wa shekarar da dillali zai ce masa babu, ko akwai amma da sabon kuɗi. Sannan sunan da ya yi suna yakan rufa wa giya mara kyau asiri. Akwai Chablis mai arha wadda ba komai cikinta sai tsami tsirara. Idan ba ka san manomin ba, ƙungiyar manoma ta La Chablisienne, wadda aka kafa a 1923, wuri ne da ake farawa da shi ba tare da fargaba ba.

Meursault

A nan ne kuɗin yake, kuma a nan ne na fi daɗewa ina yi wa ƙanena bayani. Meursault ƙaramin gari ne kudu da Beaune, maƙwabcin Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet. Waɗannan garuruwa uku su ne cibiyar farar giyar da duniya ke kwaikwayo. Meursault ba ta da grand cru ko ɗaya, amma gonakinta na premier cru irin su Perrières, Charmes da Genevrières suna gogayya da grand cru na maƙwabta a daraja da farashi.

Abin da ake saya da ƙarin kuɗin, rabinsa ƙasa ce mai tsada da ƙarancin amfani, rabinsa aikin hannu ne. Ana matse inabin a zuba ruwan cikin gangar itacen ok mai cin lita 228, wato kusan kwalba 300, a ciki zai tsima. Sabuwar ganga ɗaya tana iya kai Yuro 1,000, kuma bayan shekara uku ko huɗu ƙamshinta ya ƙare. Bayan yisti ya gama cinye sukarin, sai wasu ƙwayoyin halitta su juya tsami mai kaifi irin na tuffa ya koma mai laushi irin na nono. Daga nan ne ƙamshin man shanu yake fitowa. Giyar takan zauna a kan guggubin yistin da ya kwanta a gindin ganga wata goma sha biyu zuwa sha takwas, wasu kuma su riƙa motsa guggubin da sanda lokaci-lokaci domin ta ƙara kauri. Abin da ke fitowa a ƙarshe giya ce mai cika baki, mai ƙamshin soyayyar gyaɗa da man shanu da ɗan zuma, amma da tsami a ƙarƙashi da ke riƙe ta kada ta gundure ka. Masu yin ta a yanzu sun rage sabuwar ganga da yawan motsawa fiye da na shekarun baya, don haka Meursault ta yau ta fi ta da siranta.

Farashi kuwa, Meursault zalla da wuya ka same ta ƙasa da Yuro 60 a Faransa, premier cru ta wuce 100, na gidaje irin su Coche-Dury da Roulot da Comtes Lafon kuwa ba ma a maganar su a jerin otal na yau da kullum. Ta fi kyau bayan shekara huɗu ko biyar, tana iya kai goma ko fiye. Tana son digiri 12 zuwa 14 da kofi mai faɗin ciki. Babban kuskuren da na sha gani shi ne a nutsa ta a bokitin ƙanƙara har ta yi sanyi kamar lemon kwalba. A wannan sanyin ƙamshin duk ya kulle, baƙo ya biya kuɗin Meursault ya sha abin da bai fi ruwan sanyi mai tsami ba. A fitar da ita daga firij minti ashirin kafin a buɗe, idan ɗakin da sanyin na'ura.

Haɗarinta iri biyu ne. Na farko, tun daga amfanin tsakiyar shekarun 1990 aka fara lura cewa wasu fararen giyar Bargandi masu tsada suna tsufa kafin lokacinsu: ka buɗe kwalba mai shekara shida ka tarar ta yi launin shayi, tana warin tuffan da aka yanka aka bari ya kwana. Abin takaicin, a kwali ɗaya wata kwalbar lafiya lau, wata ta mutu. An ɗora laifin a kan matoshin kwalba, da rage sinadarin da ke kare giya daga iska, da yadda ake matsa, kuma gidaje da yawa sun sauya matoshi sun gyara aikinsu. Matsalar ta ragu, amma wanda zai sayi tsohuwar kwalba ya sa wannan a lissafi.

Na biyu ya fi shafar mu, shi ne zafi. Giya tana son zama a wajen digiri 12 zuwa 14, a kwance, cikin duhu. Na taɓa buɗe wani kwali da ya yi makonni a kwantena cikin rana kafin ya iso inda za shi. Matoshin kwalba uku ya turo sama ya ɗaga murfin, ga sawun giya ya bushe a wuyan kwalba yana danƙo, takardar jikin ta yi tabo. Da aka zuba, launin ya yi duhu, ƙamshin kamar dafaffen 'ya'yan itace. Ba a iya sayar da ko ɗaya ba. Zafi ba ya tambayar farashi, yadda zai dafa Mâcon haka zai dafa Meursault, amma asarar ba ɗaya ba ce. A garin da watan Afrilu ke kai digiri 40, kuma wuta tana ɗaukewa, duk wanda ba shi da firij ɗin giya da janareta mai tsayawa bai kamata ya tara Meursault ba.

Mâcon da 'yan uwanta

Yankin Mâconnais shi ne kudancin Bargandi, ya fi ɗumi, inabi yana nuna sosai. A can ma akwai wani ƙauye mai suna Chardonnay. Giyar wurin tana da taushi da fara'a: nunannen tuffa, kankana, ɗan ƙamshin fure, tsami daidai wa daida. Ba ta da kaifin Chablis, ba ta da nauyin Meursault, kuma wannan tsaka-tsakin ne amfaninta.

Ita ma hawa-hawa ce. Mâcon da Mâcon-Villages su ne na ƙasa, yawanci a tanki ake yin su, ƙungiyoyin manoma irin ta Lugny suna fitar da su da yawa, Yuro 10 zuwa 18. Sai Saint-Véran da Viré-Clessé a tsakiya. A sama kuma Pouilly-Fuissé, wadda gonakinta ke kwance a gindin manyan duwatsun Solutré da Vergisson, takan shiga ganga, tana kai Yuro 25 zuwa 45. A 2020 aka amince wa gonaki 22 na Pouilly-Fuissé da matsayin premier cru, karo na farko a duk yankin. Kafin nan ma manya sun riga sun gane: gidan Comtes Lafon na Meursault ya sayi gonaki a Mâconnais a 1999, gidan Leflaive na Puligny ya biyo baya. Wanda ya san darajar ƙasa ba ya zuba kuɗinsa a banza.

Mâcon zalla ba ta ajiyuwa, shekara biyu zuwa uku a sha ta. Pouilly-Fuissé mai kyau tana kai shida ko fiye. Wajen ba da ita babu wahala, digiri 10 zuwa 12, kowane kofin farar giya ya isa, kuma tana yafe kuskure: ko ta ɗan fi sanyi ko ta ɗan yi ɗumi ba ta ɓata rai. Haɗarinta kaɗan ne. Mai arha sosai takan zama lami, ba ta da laifi ba ta da abin tunawa, kuma a shekara mai tsananin zafi tsaminta kan yi ƙasa ta yi nauyi. Sai wani tarko da ke kama sababbin ma'aikata kullum: Pouilly-Fuissé daban, Pouilly-Fumé daban. Ta biyun daga kwarin kogin Loire take, da inabin sauvignon blanc ake yin ta, ɗanɗanonsu ko kusa bai haɗu ba. A karanta takardar oda sau biyu.

| | Chablis | Meursault | Mâconnais |
|---|---|---|---|
| Ɗanɗano | tsami mai kaifi, siririya | kauri, man shanu, gyaɗa | taushi, 'ya'yan itace |
| Inda ake tsimawa | yawanci tanki | gangar itace | tanki, na sama a ganga |
| Farashi a Faransa | Yuro 18 zuwa 30 | daga Yuro 60 | Yuro 10 zuwa 45 |
| Shekarun ajiya | 3 zuwa 5, premier cru 10 | 5 zuwa 10 ko fiye | 2 zuwa 6 |
| Sanyin zubawa | digiri 10 zuwa 12 | digiri 12 zuwa 14 | digiri 10 zuwa 12 |
| Sayarwa kofi-kofi | tana yiwuwa | asara ce | ta fi dacewa |
| Babban haɗari | ƙarancin kaya, tashin farashi | zafi, tsufa da wuri | lami, ruɗanin suna |

Waɗannan kuɗin kanti ne a Faransa, kuma suna motsi daga shekara zuwa shekara. Kafin kwalba ta iso wata ƙasa, kuɗin jirgi da kwastan da ribar dillali sun hau kanta.

Maganar abinci da buɗaɗɗiyar kwalba

Abincin da ke fita daga kicin shi ne alƙali. Chablis abokiyar kifi ce: gasasshen giwan ruwa da aka matsa wa lemun tsami, jatan lande, kawa, duk abin da ke son tsami ya wanke baki. Meursault tana son abinci mai maiƙo da laushi, kaza a miyar kirim, kifi da man shanu, naman maraƙi. Amma ba ta shiri da barkono ko kaɗan. Yaji yana sa barasa ta ƙara ƙuna a baki, ƙamshin itacen kuma ya koma ɗaci. Kicin ɗin da attaruhu ke shiga kusan kowace tukunya ya fi samun zaman lafiya da Mâcon mai sanyi, ko da yake ita ma ba ta iya farfesu mai zafin yaji.

Kwalbar da aka buɗe, idan an mayar da matoshi aka sa a firij, kwana biyu zuwa uku take yi kafin ta fara mutuwa. Lissafin a fili yake: ka buɗe Meursault domin kofi ɗaya, idan ba a sami masu shan sauran biyar ba cikin kwana uku, ka zubar da ribar mako. Kuma kowace kwalba aka buɗe, ma'aikaci ya kai matoshin da kofin hanci kafin ya zuba wa baƙo. Idan ya ji warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi rima, matoshin ne ya ɓata giyar, a sauya kwalba ba tare da gardama ba. Wannan aikin hanci ne, ba sai an kai baki ba.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Idan giya ɗaya tak za ka sa, kana sayarwa kofi-kofi, baƙinka iri-iri ne kuma abincin ya haɗa na gida da na waje, ɗauki Mâcon-Villages ko Saint-Véran na shekarar da ba ta wuce biyu ba. Saya kaɗan-kaɗan, kada kwali ya wuce wata uku a sito. Wannan ita ce shawarar da na ba ƙanena, kuma ita zan ba yawancin masu irin tambayarsa.

Idan gidan abincinka na kifi ne, ko baƙinka masu neman sunan da suka sani ne, Chablis zalla daga hannun da aka yarda da shi ta cancanci ƙarin kuɗin. Ka dai tanadi wadda za ta maye gurbinta a shekarar da sanyi ya cinye gonaki.

Idan kana son ɗanɗanon ganga da man shanu amma aljihu bai kai Meursault ba, akwai hanyoyi uku: Pouilly-Fuissé, ko Rully da Montagny na yankin Côte Chalonnaise, ko Saint-Aubin da ke bayan tudun Puligny da Chassagne, duk da ita ma kuɗinta ya fara hawa.

Meursault kuwa ta wanda ya cika sharaɗi uku ce: yana da firij ɗin giya da wuta ba ta yanke masa, ya san dillalinsa a kwantena mai sanyi yake kawo kaya, kuma yana da baƙin da ke sayen kwalba sukutum suna tambayar shekarar amfani. Ko shi ma kwalba shida sun ishe shi farawa. Ƙanena ya ce firij ɗinsu na giya ya yi wata biyu yana jiran mai gyara, sai na ce masa ya sa Saint-Véran a jerin, ya ƙara Chablis kwali ɗaya saboda masu cin kifi, maganar Meursault kuma a bar ta sai an gyara firij.